Tagar Glenys Pascoe

A Narrabil ba a sauka hannu biyu babu komai. Shi ne abu na farko da ake koya wa yaro tun bai iya ɗaure takalminsa ba. Mota takan tsaya a saman tudu inda kwalta ta ƙare, daga nan kuma sai ƙafa: tafiyar minti hamsin a wata 'yar siririyar hanya, a ratsa itatuwan turare, a tsallake rafi, a bi gefen dutse, sannan a hango rufin kwanonmu a bakin teku. Duk abin da ke cikin bukkokin nan, tun daga ƙusa har firij mai kananzir, a gadon bayan wani ya sauko.

A saman tudun akwai wani faffaɗan dutse da muke kira dutsen ajiya. In ka yi sayayya ta fi ƙarfinka, sai ka ɗauki abin da za ka iya, ka bar sauran a can. Kowane gida da launin fentinsa. Namu ruwan ɗorawa ne, na gidan Pascoe shuɗi. Ka ɗiga wa kayanka launin gidanku, ka yi tafiyarka. Duk wanda ya zo sauka zai duba dutsen, ya saɓi abin da ya tarar, ya dire shi a ƙofar masu launin, ko da kuwa ba kwa ga maciji da juna. Ba a tambaya, ba a jiran godiya. Ni Merle shekarata saba'in da shida, kuma ba na jin na taɓa wuce dutsen nan ban waiwaye shi ba.

Labarin maƙwabciyata Glenys Pascoe zan ba ku. Taku huɗu ne tsakanin bangona da nata, bangon kuwa kwano ne, don haka babu abin da aka taɓa faɗa a gidansu wanda bai shiga kunnena ba. Ba gulma ba ce, rashin kaurin bango ne.

Kakanninmu masu haƙar kwal ne. Shekarun da aka rufe ramuka, babu aiki babu abin biyan haya, suka gangaro nan da iyalansu, suka kafa bukkoki da kwanon da aka yar, suna kama kifi da zomo suna ci. Da aiki ya dawo suka koma gari, amma ba su rushe bukkokin ba. Duk hutu muna nan. Sai da muka zama 'yan mata sannan aka ja layi a takarda, aka ce daga tudun nan har bakin ruwa ya zama gandun daji na ƙasa, mu kuma mun faɗo a ciki. Aka yi ta kai ruwa rana da hukuma, a ƙarshe aka yi mana sassauci da sharaɗi guda. Kowace bukka a rubuta ta da sunan mutum ɗaya baligi. Muddin yana numfashi, bukkar tana nan. Ranar da ya mutu, a rushe ta, a mayar wa daji wurinsa. Ba a gado, ba a sauya suna.

Ka ga kenan kowane uba ya zauna yana ƙare wa 'ya'yansa kallo, yana auna wanda zai fi daɗewa a duniya. Babana ba shi da ɗa namiji, sai ya rubuta sunana yana tsaki. Baba Pascoe kuwa yana da biyu: Athol, ɗan shekara ashirin da biyar, da Glenys, 'yar ashirin da biyu. A ranar Glenys tana kwance da asma, ƙirjinta na kuka har ina jiyo shi daga ɗakinmu.

Na ji uwarsu ta ce, "Glenys ce fa mai son wurin nan."

Ya ce, "Na sani. Amma likita da bakinsa ya ce in ta kai talatin a gode wa Allah. Dubi Athol. Jiya ya yi iyo ya zagaye dutsen can ya dawo, ko haki bai yi ba."

Athol ya ce, "Baba, ni fa ba na so."

"Wa ya tambaye ka? Sa hannu."

Ya sa. Glenys kuwa tana can tana fama da numfashi.

To, asma dai ta gaji da ita ta sake ta tun ba ta kai talatin ɗin ba. Ta yi shekara talatin da huɗu tana aikin wanki da guga a wani asibiti a gari, duk yammacin Juma'a ta hau jirgin ƙasa, ta hau bas, ta gangaro tudu da kaya. Ta taɓa yin aure na shekara uku da wani mai gyaran famfo, ya ce ta zaɓa ko shi ko bukka, ta taya shi haɗa akwati. Da ta ajiye aiki sai ta tare a nan gaba ɗaya. Tana da shekara saba'in na gan ta ta goyo tukunyar gas tun daga dutsen ajiya har ƙofarta, ba ta zauna a hanya ba sai sau biyu. Ita ce ta san ranar da ƙattin kifayen nan masu feshin ruwa za su fara wucewa arewa, ita ce ta san guzan da ke satar ƙwai a gidan kowa, har suna ta raɗa masa. Da safe takan zauna bayan tagarta da kofin shayi, ta zuge gilas, ta yi ta kallon ruwa. Tagar nan ta tsohon taragon jirgin ƙasa ce, irin wadda ake zugewa gefe, babansu ya samo ta a juji, kuma ita kaɗai ce tagar gilas mai motsi a duk Narrabil. Glenys takan shafe katakonta da shuɗin fenti duk shekara.

Shi kuwa ƙaton da aka zaɓa, tun da ya sa hannun nan bai sake kwana a bukkar ba. Ya samu aiki a tashar jirgin ƙasa, ya samu taba da giya, ya samu tumbi. Yana da shekara arba'in da biyu zuciyarsa ta fara bugun gargaɗi. Daga ranar Glenys ta shiga aikin da ta fi daɗewa a kansa a rayuwarta, wato hana yayanta mutuwa.

Ban taɓa ganin wa da ƙanwa masu faɗa irin nasu ba. Takan je gidansa duk Talata, ta buɗe firij ta zubar da abin da ba ta yarda da shi ba, ta laluba aljihun kwat ɗinsa ta kwashe taba. Na raka ta sau da dama, don ina son kallo.

Yakan ce, "Ga mai binciken lafiya ta iso. Ke Merle, kin rako ta duba ginshiƙin ɗakinta?"

Ta ce, "Yaya Athol, mene ne wannan a ƙarƙashin kujera?"

"Kwalba ce. Ba ki taɓa ganin kwalba ba?"

"Likita ya ce me?"

"Likita ya ce ke ba za ki kai talatin ba. Ga ki nan kin ishe ni."

Sai ya juyo wajena ya ce, "Kin san duk duniya babu mai yi mini addu'ar tsawon rai kamar wannan? Ba don ni ba fa. Da rufin kwano zan zama, da ta fi sona."

Glenys takan ce, "Da rufin kwano ne kai, ai da ka fi amfani. Buɗe baki ka sha maganin nan."

Mu ma a Narrabil mun taya ta lalacewa. Ba wanda ke tambayar Glenys lafiyarta. In an haɗu da ita a hanya sai a ce, "Ya jikin Athol?" In ta ce da sauƙi, a ce madalla, a wuce. In ta ce an kwantar da shi, sai ka ga idon mai tambayar ya tafi kan rufinta.

Kada ku ɗauka ba ta nemi mafita ba. Ta rubuta wasiƙu sun fi a ƙirga. Mun yi ƙungiya, mun yi taro, mun ɗauki lauya. Amsar ba ta taɓa sauyawa ba: sunan da ke takarda shi ne suna. Bukka arba'in da ɗaya muke a ranar da aka yi rajista, zuwa bara saura tara. Duk inda aka cire ɗaya, shekara biyu ta isa ciyawa ta rufe wurin, ka rantse ba a taɓa dafa shayi a nan ba.

Malamar dajin da ke kula da yankinmu, Tahlia, mace ce mai kirki, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi, don na so a ce akwai wanda zan zaga. Ita ma ta koyi al'adarmu, ba ta sauka sai da kayan wani a kafaɗa. Wata rana ta dire wa Glenys buhun dankali, Glenys ta tsare ta da maganar suna.

Tahlia ta ce, "Mama Glenys, na kai maganar nan sama sau uku. Ba a hannuna take ba."

Na tsoma baki na ce, "A hannun wa take? Mu je mu gan shi."

Ta ce, "Mama Merle, wanda ya rubuta dokar ya mutu tun ba a haife ni ba."

"To mu mun tsare wa wa hanya?"

Ta nuna bayan bukkokin, inda tudun yashi yake. A can ne tarin ɓawon kawa yake, irin dodon koɗin nan na teku, wanda masu ƙasar na asali suka bari tun kafin kakanninmu su san akwai wannan gaɓa. A gefensa kuma wasu 'yan tsuntsaye ke saka ƙwai a kan yashi tsirara. Ta ce, "Wurin nan ba ku kaɗai ke da kuka a kansa ba." Gaskiyarta ce. Haushin ya bi ni har kwana uku.

Masu yawon buɗe ido kuwa kullum ƙaruwa suke. Sukan sauko da sandunan tafiya da manyan jakunkuna, su yi iyo, su ɗauki hoton ƙananan kangaru, dabbobin nan masu tsalle, a bakin rafi, sannan su zo su tsaya gaban tagar Glenys su ɗauke ta hoto tana shan shayi. Wani ya taɓa leƙowa ya ce, "Iya, nan gidan tarihi ne?" Ta ce, "Saura kaɗan. Ka dawo baɗi."

Shekara huɗu da suka wuce mantuwa ta kama Athol. Ya fara da barin murhu a kunne, ya ƙare da fita titi da rigar barci. Matarsa ta riga shi tafiya, ba su haihu ba, saboda haka Glenys ce ta sa hannu aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Talatarta ba ta sauya ba, illa dai yanzu babu tabar da za a ƙwace. Takan hau tudu da sassafe da 'yar roba cike da soyayyen kifin da ta kama, ta zauna ta cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ta riƙa ba shi a baki. Ya daina gane ta. Uwarsu yake ɗaukar ta.

Wata Talata ina wurin, ya kama hannunta ya ce, "Mama, kafaɗata."

Ta ce, "Me ya same ta?"

"Tagar nan ce. Baba ya ce in na fasa gilas zai fasa kaina. Mama, igiyar tana yanka ni. Ki ce masa in huta a rafi."

Glenys ta dube ni. Ni da ita mun san an ce Athol ne ya sauko da tagar yana ɗan shekara goma, amma a bakin babansu labarin jarumta ne, ana ba da shi ana dariya. Ba mu taɓa jin sa daga bakin mai kafaɗar ba.

Ta ce, "Huta, Athol. Na gaya masa."

"Ban fasa ba ko?"

"Ba ka fasa ba. Tana nan lafiya lau."

Ya saki ajiyar zuciya ya yi barci. A jirgi muna dawowa, da muka kusa sauka, Glenys ta ce, "Shekara sittin ina cewa lalaci ne shi ya sa ba ya son wurin."

Da sanyin bara ya shigo, ciwon huhu ya kwantar da shi. Aka yi magani ya tashi, bayan wata guda ya sake kwantawa. Haɗiya ta gagare shi, abinci sai ya bi hanyar numfashi. Aka kira Glenys, na raka ta. Likitan ya zaunar da mu a wani ɗan ɗaki, ya yi mana bayani dalla-dalla. Ana iya kai shi babban asibiti, a huda cikinsa a sa robar abinci. Wataƙila ya ƙara shekara, wataƙila biyu, amma a kwance, kuma da yake yana fizge duk abin da aka maƙala masa, sai an riƙa tsare hannuwansa. Ko kuma a bar shi a gadonsa, a riƙa rage masa raɗaɗi, abin ba zai wuce mako biyu ba. Ya ce, "Ke ce danginsa. Ki yi tunani zuwa gobe."

Muka fito muka zauna a benci a bakin ƙofa, rana tsaka, motoci na wucewa. A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa.

Na ce, "A sa robar mana. Mene ne abin tunani?"

Ta bi motocin da kallo.

Na ce, "Ke Glenys, shekara biyu ba wasa ba ce. Wa ya san abin da zai faru a shekara biyu? A iya sauya doka. In ya tafi ina za ki? Gidan 'yar ƙanen mijin da kika kora?"

Ta ce, "Akwai ɗakin da ake ba tsofaffi a gari. Hawa na uku. Tagarsa na kallon wurin ajiye motoci."

"To kin gani!"

Ta ce, "Merle, tsaya. Tambaya ɗaya nake yi wa kaina tun da likitan nan ya buɗe baki. In da babu bukka, me zan ce masa?"

Na san amsar, ita ma ta sani.

Ta ce, "Abin da ke ci mini rai shi ne ban san ko na taɓa kai masa kifi don shi ba. Shekara talatin da biyar ina bin mutumin nan da magani. Ya sha faɗa mini don rufi nake yi, ina cewa ƙarya yake. Yau in na ce a huda shi, ya yi gaskiya. In na ce a bari, na kashe gidana da bakina. Ke da kike da baki, gaya mini inda zan sa kaina."

 Gaskiyar magana, ba Athol nake tunani ba, ba ma Glenys ba. Kaina nake tunani, da yadda zan farka in ga fili a inda bangonta yake. Ni da sunana ke kan takarda, ni da ba wanda zai tashe ni sai mutuwa, ni ce nake matsa mata.

Ba ta jira goben ba. Ta tashi ta koma ciki, na ji ta ce wa likitan, "A bar shi ya huta." Ta samu kujera kusa da gadonsa, ta yi kwana goma sha ɗaya a can tana jiƙa masa leɓe da auduga. Ni na koma Narrabil ina ba shukokinta ruwa. Kowa ya tare ni da "Ya jikin Athol?" sai in wuce kamar ban ji ba. A rana ta goma sha biyu da hantsi ya cika.

Wasiƙar hukuma ta iso bayan mako uku. Tahlia ce ta kawo ta da hannunta, ta ƙi bari a aiko ta ta gidan waya. An yi ta'aziyya a layin farko, a layi na biyu an ba da kwana casa'in. Tahlia ta ce in Glenys ta yarda, ma'aikata za su zo su ɓalle bukkar, jirgi mai saukar ungulu ya kwashe tarkacen cikin awa guda.

Glenys ta ce, "A'a, 'yata. A baya ta sauko, a baya za ta hau."

Haka aka yi. Mutanen bukkoki takwas da suka rage, da 'ya'yan waɗanda aka riga aka rushe nasu, suka yi ta zuwa duk ƙarshen mako. Aka fara da gado da firij, aka bi da tankin ruwan sama, sannan rufi, falle bayan falle. Akan tara kayan nesa da dutsen ajiya, a can gefen kwalta, wata babbar mota ta zo ta kwashe. Ban taɓa ganin ana hawa tudun nan da kaya ana sauka hannu sake ba sai a lokacin, kuma duk wanda ka haɗu da shi yana saukowa sai ka ga ya rasa yadda zai yi da hannuwansa. Glenys ta dawo ɗakina da kwana. Abu ɗaya ta hana a taɓa, tagar. Ta ce ita za ta hau da ita da kanta, a ranar ƙarshe, ta kai ta ɗakin hawa na uku ko da jingine ta za ta yi da bango.

Wa'adin zai cika ranar wata Juma'a. Ranar Laraba na tafi gari ganin likitan ido, na kwana gidan 'yata, na dawo Alhamis da la'asar. Bas ya sauke ni a saman tudu, idona ɗaya na ruwa saboda maganin da aka ɗiga mini, kaina cike da abin da likita ya ce game da yanar ido. Na bi ta gaban dutsen ajiya, na waiwaya. Akwai kaya a kai, an naɗe da tsohon bargo an ɗaure da igiya, gefen katako ya leƙo, shuɗi. Na sa hannuwana cikin igiyar, na saɓa a baya, na kama hanya.

Ku yarda ko kada ku yarda, ban yi tunanin komai ba. Shuɗi na gani, shuɗi kuwa gidan Pascoe yake zuwa. Na huta a rafi ina mitar nauyin kayan, ina cewa a raina wannan mata ba ta gajiya da sayayya. Igiyar ta yanka mini kafaɗa, na gyara ta, na ci gaba. Na bi gefen dutse a hankali saboda na ji ƙarar gilas a bayana, har ina yaba wa kaina da ban yi tuntuɓe ba. Na fito bakin yashi, na wuce ƙofata, na yi taku huɗun nan, na ɗaga kai in dire kaya a ƙofar shuɗi.

Babu ƙofa. Babu bango. Guntayen ginshiƙai shida ne a ƙasa, da fili mai kusurwa huɗu wanda aka share tas. Glenys na zaune a kan wani dutse a tsakiya, tsintsiya a hannunta, ƙafafunta a miƙe, ta cire takalmi.

Ta dube ni, ta dubi abin da ke bayana. Ni ma sai a lokacin na san me na ɗauko.

Ta ce, "Merle."

Na ce, "Na'am."

"Awa uku na yi ina hawa da ita yau da safe. Na zauna sau tara. Da na kai, ƙafata ba ta iya ƙarasawa bakin kwalta ba, na ce bari in ajiye ta a kan dutse, motar za ta zo da ƙarfe biyar."

Na ce, "Shuɗi na gani."

Sai ta fashe da dariya. Ta yi ta dariya tana dukan cinya da tsintsiya, tana cewa, "Shuɗi ta gani! Jama'a, shuɗi ta gani!" har dariyar ta juye ta zama wani abu dabam, ta kifa fuska a gwiwa. Ni kuwa ina tsaye da taga a baya, na kasa saukewa, na kasa juyawa. Ban taɓa jin na zama banza irin na ranar ba.

Da ta ɗago ta share fuska da gefen riga, ta ce, "To sauke mana. Ko so kike ki fasa?"

Na sauke. Ta kwance bargon, ta duba gilas ɗin kusurwa-kusurwa, ba tsaga ko ɗaya. Ta jawo duwatsu biyu, muka tsayar da tagar a tsakaninsu, daidai inda bangon gabas yake a da. Ta koma bayanta ta zauna a ƙasa, ta zuge gilas ɗin gefe, ta kalli ruwa. Na zauna kusa da ita. A can saman tudu muka jiyo hon ɗin motar, sau biyu, sannan shiru.

Na ce, "Gobe da sassafe ni zan hau da ita."

Ta dubi kafaɗata inda igiya ta yi sawu, ta dubi ƙafafunta da suka kumbura. Ta ce, "Ke da wace kafaɗar?"

Na shafa kafaɗar.

Ta ce, "Ƙarfe tara Tahlia za ta zo ta duba ko an bar wani abu." Ta ja gilas ɗin ta rufe saboda iska ta fara sanyi, ta ci gaba da kallon teku ta cikinsa.